Hotunan Baƙar Damisa

Kwana arba'in bayan korona ta ɗauke mijinta Muntasir, Zuhra ta miƙa wa maƙwabciyarta Bashira kyamararsa a ɗakinsu da ke unguwar Setapak.

"Sayar min da ita. Kafin kullen korona, duk Asabar sai ya ja ni gidan zoo, yana ta ɗaukar baƙar damisar nan ta cikin gilashi. Ni ko sau ɗaya bai ɗauke ni ba."

Bashira ta kunna, tana wuce hotunan. Can ta tsaya.

"Zuhra, kin taɓa dubawa kuwa?"

Zuhra ta karɓa ta duba. A kowane hoto damisar dishi-dishi ta fito. Abin da ya fito tar a jikin gilashin fuskarta ce, tana hararar sa.