Farin Yadin Mai Tukwane

Fasto, ajiye biron nan tukuna. Kafin ka sa hannu a takardar raba ikilisiya gida biyu, bari in ba ka wani misali. Ni tsoho ne, ba ni da ayoyi a ka kamar ku 'yan makaranta, amma na ga jiya.

A wani ƙauye a gindin dutse akwai ikilisiyar Baftis, da rafi guda ɗaya tak. Rafin kuwa mai gaggawa ne, damina na ɗaukewa zai fara janyewa, kafin a gama sussukar dawa ya koma yashi. Mutanenmu kuma ka san su, in ba a nutsar da mutum ya ɓace cikin ruwa ba, to ba a yi masa baftisma ba. Saboda haka kowace shekara, da ruwan sama ya ɗauke, sai maza su fito da fartanya da buhunan yashi su datse rafin, ruwa ya taru har ƙirji, a yi baftisma bayan girbi. A garin akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda sai da ta haura saba'in sannan ta ba da gaskiya. Shekara guda cur tana zama a ajin baftisma tare da sa'o'in jikokinta, ba ta iya karatu ba, da ka take haddace amsoshi. Ta ba da randuna biyu aka ba ta farin yadin da za ta shiga ruwan baftisma da shi, ta ɗinke shi da hannunta, ta ninke ta ajiye a cikin sabuwar tukunya saboda gara. Tari ya riga ya kama mata ƙirji, ta kuma san me yake nufi. Abu ɗaya take roƙo, ta shiga ruwan nan kafin a kira ta.

A shekarar ce gardama ta tashi. Wani ɓangare ya ce sau ɗaya ake nutsar da mutum, don sau ɗaya aka binne Almasihu. Ɗaya ɓangaren ya ce sau uku ne, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, haka iyayensu suka tarar. Kowa da ayarsa, kowa da jijiyar wuyansa. Aka raba bencina, 'yan sau ɗaya dama, 'yan sau uku hagu, har mata suka daina aron turmi a tsakaninsu. Da lokacin datse rafi ya yi, waɗannan suka ce ba za su tara ruwa a yi koyarwar ƙarya a ciki ba, waɗancan ma suka ce haka, aka rubuta wa manya a birni wasiƙa, aka naɗe hannu ana jiran amsa. Ita kuwa tsohuwa kullum da safe tana bakin rafi wurin ɗiban yumɓu. Ta kafa kara a cikin ruwan, tana duban inda ya kai. Yau ya sauka da yatsa biyu, jibi da tafin hannu. Ranar wata Lahadi ta kasa daurewa, ta miƙe a tsakiyar bencinan nan biyu, ta ce, "'Ya'yana, ruwa fa yana tafiya. Ku nutsar da ni sau biyu mana, ku raba gardama." Kai, ka ji dariya! Ranar ce kaɗai dama da hagu suka yi abu tare. Suka ce, "Kaka, zauna, wannan magana ce ta tauhidi." Ta zauna. Washegari aka gan ta ita kaɗai a rafi tana jera curin yumɓu da duwatsu, tana yi tana tari, ruwa na bi ta tsakanin yatsunta yana wucewa abinsa. Ina tsohuwa, ina datse rafi? Kafin Kirsimeti karan nan yana tsaye a kan busasshen yashi.

Amsar manya ta iso cikin bazara, shafi huɗu, da hatimi. Me ta ce? Wallahi na manta, kuma ba na jin akwai mai tunawa, don ba ruwan da zai jiƙa ko idon sawu, ƙirjin tsohuwa kuma ba zai ɗauki tafiyar yini zuwa babban kogi ba. Saura mako biyu ruwan farko ya sauka ta cika. Mazan nan duka suka fito, 'yan sau ɗaya da 'yan sau uku, da fartanyun da suka ƙi ɗagawa lokacin datse rafi, suka haƙa mata kabari kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya tambayi wani aya. Da mata suka shiga ɗakinta neman abin da za a lulluɓe ta, suka buɗe sabuwar tukunya, sai ga farin yadi a ninke, bai taɓa ganin ruwa ba. A cikinsa aka binne ta.

Ban ce ƙofar Sama ta rufe mata ba, Fasto, bangaskiyarta ta ishe ta. Amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin abu ɗaya ta roƙa a hannun 'yan'uwanta, suna tsaye suna ƙirga sau nawa, har ruwan ya wuce. Ban hana ka kare koyarwa ba. Amma kafin ka sa hannu, leƙa ikilisiyarka ka ga wa ya kafa kara a rafi yana jira. Ba a banza Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido ba.