Ƙwallo Mai Jan Ɗigo

Ka ce sabon abokin aikin nan naka bai kwanta maka a rai ba, kullum idonka na kansa. To, gyara zama in ba ka misalin wani tsohon malamin makaranta.

Shekara talatin ya yi yana tsaron ɗalibai a ɗakin jarrabawa, har ta kai ko liman ya gani ya sa hannu a aljihu, sai ya ɗauka satar amsa zai zaro. Da ya yi ritaya, abokansa suka ja shi kulob ɗin golf na garinsu, wai ko ya motsa jiki ya rage hawan jini. Shi kuwa wasan nan ba shi da alƙali mai busa. Ramuka goma sha takwas ake bi, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci, kowa kuma shi ne shaidar kansa. Tun da ƙwallayen duk farare ne, kafin a fara kowa sai ya yi wa tasa alama, wanda kuma ya bugi ta wani, tarar bugu biyu ta hau kansa. Malam jan ɗigo yake yi, da irin jan biron da ya saba gyaran takardu.

Ranar gasar shekara aka shiga huɗu-huɗu, a ƙarshe a haɗa bugun kowace ƙungiya. Shekara shida ke nan su Malam na zuwa na biyu ko na uku. Babbansu, wani tsohon likitan dabbobi da ciwon gwiwa ya sa a gaba, ya riga ya ce daga bana ya ajiye sanda, burinsa ya ɗaga kofin nan ko sau ɗaya. Sai aka haɗa Malam ya zaga fili da wani bakanike na ƙungiyar da suke kankankan da ita, mutum mai yawan dariya. Malam dai tun yana koyarwa bai taɓa yarda da mai yawan dariya ba. A ramin farko ya lura da wani abu a dunƙule cikin aljihun wandon mutumin, daidai girman ƙwallo. Ya kuwa taɓa ji ana cewa akwai masu ɓoye ta biyu, in tasu ta ɓace a ciyawa su zurara wannan ta ƙafar wando a wuri mai kyau, su ce ga ta. Shi ke nan, shari'a ta ƙare tun ba a kira shaida ba. Bakanike ya sunkuya ɗaure takalmi, Malam na tsaye a kansa. Ya yaba masa bugu, Malam ya ce a ransa daɗin baki ne, so yake in saki jiki. Ya sa hannu a aljihu, Malam ya kafa masa ido. Ramuka goma sha uku suka wuce bai kama shi da komai ba, wannan kuma ya ƙara tabbatar masa cewa mutumin ƙwararre ne.

A rami na goma sha huɗu ƙwallayensu duka biyu suka faɗa doguwar ciyawa a gindin wata darbejiya, lokacin kuwa damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Bakanike ya yi gabas yana buɗa ciyawa da sanda, hannun hagu a aljihu. Malam ya ce yau dubu ta cika. Yana tafe yana waige, sai ya hango wani abu fari da wutsiyar ido kusa da ƙafarsa. Sunkuyawa ya duba alama ba za ta ci masa komai ba, amma a ganinsa yana sunkuyawa ɓarawo ya sha. Ya saci kallo ɗaya, ya maka mata sanda, ya mai da ido kan aljihu. Ƙwallo ta tashi ta sauka taƙi ɗaya da bakin rami, bugun da bai taɓa yin irinsa ba tun da ya fara riƙe sanda. Bai gama jin daɗin ba ya ji muryar bakanike daga cikin ciyawa: "Malam, ga wata nan mai jan ɗigo. Ba taka ba ce?" Suka taka zuwa bakin rami suka juya waccan, sai ga shuɗin layi, alamar bakanike. Kunya ta rufe Malam, da bakinsa ya ce a rubuta masa tarar. A nan ne mutumin ya sa hannu a aljihun nan, ya ciro farin goro guda, ya ɓare, ya miƙa masa ɓari ya ce, "Ci ka wartsake, Malam, kowa na yin irinta."

Da yamma aka haɗa bugu, su Malam suka rasa kofi da bugu ɗaya tak. Tsohon likita ya tafa wa waɗanda suka ci, ya ɗingisa zuwa motarsa ya tafi, Malam kuwa da ma likitan zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Wuni guda ya yi yana gadin kada wani ya bugi ƙwallon da ba tasa ba, ashe a filin nan kaf mutum ɗaya ne ya aikata haka, shi ne mai gadin.

Saboda haka kafin ka koma leƙen aljihun abokin aikinka gobe, sunkuya tukuna ka duba abin da ke gabanka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.