Mai Tare Hanya

Harsashi ya sake samun Mai Jaka a ƙirji, ya zube a tsakiyar gadar, allon talabijin ya yi ja. Auta ya buga cinyarsa da ƙarfi.

"Kai, wannan wane irin wawa ne!"

Su biyu ne a gidan, shi da Baba, kuma Baba bai ƙara magana ba tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana can baya a kujerarsa mai taya, bargo ya rufe shi har ƙirji, ido a kan bango ko a kan talabijin, wa ya sani.

Auta mai gyaran fanka ne. Da ciwon ya zo sai ya rufe shago, ya kwaso aikin zuwa baranda don kada ya yi nisa. Da farko abokai suna leƙowa, daga baya suka koma gaisuwa ta waya, daga nan kuma shiru. Idan ya yi wa Baba wanka, ya ba shi abinci a baki, ya goge masa haɓa, sai ya zauna a ƙasa gaban talabijin da yamma ya kunna gem. Nan ne kaɗai yake kira a amsa masa.

Gem ɗin ma, Allah na tuba, ba wani abin kirki ba ne. Wai wani maharbi ne ke neman dukiyar wani birni da ruwa ya cinye. Mutumin nan zai karkashe runduna guda ko gezau, amma tulu ya fashe ya tsaya yana jawabi. Duk sanda ka sha wuya ka buɗe akwati, sai wani mai tabo a fuska ya fito daga bayan ginshiƙi ya ƙwace, kuma dole ka kalli dariyarsa har ƙarshe, ba a tsallakewa. Duk da haka Auta ya nace. Yana so ko abu ɗaya ne a rayuwarsa ya ga ƙarshensa.

Maharbin yana da abokin tafiya, Mai Jaka, wanda na'urar ke tuƙawa idan mutum shi kaɗai yake wasa, ba mai riƙe da rimot na biyu. A da gwani ne, hannunsa ba ya kuskure. Amma 'yan kwanakin nan ya lalace, Auta kuma ya ɗora laifin a kan sabuntawar da gem ɗin ya yi wa kansa. Ya daina harbi sam. Ba ya ma waiwaye. Tafiya kawai yake yi, a karkace, yana karo da bango. Da an fara ruwan wuta kuwa, sai ya lallaɓo ya tsaya ƙiƙam a gaban Auta, ya shanye harsasan, ya mutu. Dokar gadar kuma ita ce sai su biyu sun haye da rai.

Ana cikin haka Yaya, babbar 'yar'uwarsa, ta matsa masa lamba. Gidanta yana wani gari, akwai yara, akwai asibiti kusa. "Ka ba ni shi, Auta," take cewa a waya. "Kana ƙarewa a gidan nan." Shi kuma ya ƙi. Tsoronsa ɗaya ne, kuma bai taɓa gaya mata ba: idan Baba ya tafi, ko numfashin wani ba zai ƙara ji a ɗakin ba.

Ran nan fankar wani ta ƙone a hannunsa, mai ita ya wanke shi tas a gaban maƙwabta. Ya shigo ransa a ɓace, ya kunna gem. Ya kai rabin gada, ga ƙofar dukiyar yana hange, sai ga Mai Jaka ya sake jan jiki ya tare masa gaba.

Auta ya fashe. "Matsa min, don Allah! Ba ka harbi, ba ka tsinana komai, sai tare wa mutum hanya! Kai kaya ne kawai, ni na gaji da jan ka!"

Mai Jaka ya tsaya. Can ya ja baya a hankali, ya je bakin gada ya fuskanci bango, bai ƙara motsi ba. Auta ya kashe na'urar. Da ya juya ya ga idon Baba na hagu yana ruwa, ya sa gefen riga ya share masa kamar kullum. Idon yakan yi haka.

A ranar ya kira Yaya. "Zo ki ɗauke shi. Bai ma san wa ke tare da shi ba."

Da mota ta zo aka ɗaga Baba da bargonsa, hannunsa na hagu dunƙule a ciki. Auta ya ce a sauka lafiya. Baba bai dube shi ba.

Da yamma ɗakin ya yi masa girma. Ya kunna gem don ya ji hayaniya. Ikon Allah, Mai Jaka ya warke! Yana tsalle, yana harbi, yana laɓewa bayan duwatsu, ya bar Auta ya ji da kansa. Suka haye gadar tashi ɗaya. Akwatin ya buɗe, zinariya ta haske ɗakin. Auta ya waiwaya da murna zai ce a duba, ya ga gurbin kujera.

Wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce.

"Mun sauka lafiya. Amma Auta, menene wannan rimot ɗin gem da na samu cikin bargon Baba? Ya ƙi saki, sai tura 'yar sandar da ke hagun rimot ɗin yake yi da babban yatsa, yana neman talabijin da ido."