Shaddar Koci

Usur ya sake tsaga iska. Saifullahi ya furzar da ruwan da ya cika masa baki, ya harari mutumin da ke tsaye can jikin bango.

"Sake!" in ji Koci Ilu. "Haka ake riƙe mutum? Buhun shinkafa ka ɗauko?"

Abin da suke yi ba ya cikin wasan ƙwallon ruwa. Yaran sun sa masa suna jan gawa: ɗaya ya saki jiki kamar sumamme, ɗaya ya sa masa hannu a ƙarƙashin haɓa, ya jawo shi daga wannan baki zuwa wancan. Sauran makarantun Guangzhou, nan ƙasar China, suna can suna koyon jefa ƙwallo a raga, su kuwa kullum da wannan ake rufe atisaye, bayan cinyoyi sun riga sun mutu. Kwamin wasan nan ba shi da inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

"Wallahi na gaji da zama gawa," in ji Ussif, ɗan zangon Kumasi, haɓarsa a tafin Saifullahi. "Gobe kai za ka mutu, ni in ja."

Saifullahi bai yi dariya ba. Shi ne kyaftin, shi ya fi kowa cin ƙwallo, kuma shi ya fi kowa shan tsawa.

Ilu ba malamin makarantar ba ne, ofishin tura kaya gare shi a ginin kasuwar Tianxiu. Ɗansa Abdulƙadir ne golan ƙungiyar a da, har wata Lahadi da suka zo ƙarin atisaye su biyu, numfashin yaron ya ɗauke a ruwa. Bayan rasuwar yaron, tsohon koci ya ajiye aiki, makaranta ta yi niyyar rushe ƙungiyar, sai Ilu ya karɓi usur. A Xiaobei, unguwar 'yan Afirka, ana cewa da ƙuruciyarsa ya sha ƙetare dam ɗin Tiga da iyo. Bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba.

Da farko yaran tausayinsa suke ji. Tsawa ta cinye tausayin. Mutum ne da ba zai ko sunkuya ya miƙo maka hannu ka fito ba. Kujerarsa a jikin bango take, takalminsa sau-ciki bai taɓa jiƙa ba.

"Koci, ka shigo ka nuna mana sau ɗaya mana," Saifullahi ya taɓa ce masa.

"Ni na zo koyo ko kai? Koma ka ja Ussif."

Abin da ya fi ci wa Saifullahi rai shi ne ranakun nasara. Al'adar wasan ce, ƙungiyar da ta ci babban wasa ta ɗaga kocinta ta wulla shi cikin ruwa da kayansa. Ya sha ganin kocoyin China masu tumbi suna fitowa sharkaf, suna laluben tabarau, suna rungumar yaransu. Ilu kuwa kafin usur ɗin tashi ya sulale. Ran wasan kusa da na ƙarshe Saifullahi ya jefa ƙwallon da ta kai su wasan ƙarshe, hanci na zubar jini, ya juya yana neman idon kocinsa. Kujerar ce kawai.

"Ƙyamarmu yake yi," ya gaya wa yaran a ɗakin canza kaya. "Mu ba ɗansa ba ne, shi ya sa. Mu sha ruwa, mu sha gwiwar hannu, shi ya tafi gida a bushe? Ran Juma'a sai ya jiƙe."

Wasan ƙarshe bayan sallar Juma'a aka sa shi. Ilu ya zo kai tsaye daga Masallacin Huaisheng cikin farar shadda mai sitaci, tana ƙara in ya motsa. Saifullahi ya dube ta, ya ji daɗi har cikin ransa.

Ya yi wasan da haushi, haushin kuwa ya yi aiki. Ana dab da tashi ya taso daga ruwa har ƙugu, ya ɗirka ƙwallon nasara ta wuce kunnen gola. Ɗakin ya ɗauki ihu. Ilu ya riga ya miƙe ya nufi ƙofa, amma ya tarar da Sulley da sauran 'yan benci sun tare ta.

"Hanya meiyo, Koci," in ji Sulley yana washe baki. "Yau babu hanya."

'Yan wasan suka fito daga ruwa suna ɗiga, suka ɗaga shi sama. Ya yi ta fisge-fisge, ya damƙi kafaɗar Saifullahi har farce ya shiga.

"Saifullahi, don Allah. Kada ku..."

Yau ne farkon da ya kira sunansa ba da tsawa ba. Hakan ma ƙara wa yaron haushi ya yi. Shekara biyu, sai a kan tufa za a roƙe shi?

"Shaddar za ta bushe, Koci."

Suka wulla shi tsakiya. Kowa na tafi, har mai gadin kwamin. Hularsa ta taso tana lilo. Suka tsaya suna dariya, suna jiran ya ɓullo ya zage su.

Farar shaddar ta buɗe a ƙarƙashin ruwa, tana yin ƙasa.

Saifullahi bai san lokacin da ya faɗa ba. Hannunsa da kansa ya sami ƙarƙashin haɓa, ƙafafunsa suka yi abin da aka tilasta musu kullum, kuma yana jan sa zuwa baki ne ya gane: mutumin da ya shekara biyu yana sa su jan gawa, wanda shi kaɗai ke tsaye a bakin kwamin nan ranar da ɗansa ya nutse, bai iya iyo ba.