Hannun da Aka Ɗaure

Inuwa ɗan wani masunci ne daga Auyo, kuma shi ne na farko a gidansu da boko ya kai shi har ga koyon aikin malanta. A zamanin Turawa aka turo shi wata makarantar midil a Haɗeja ya yi gwajin koyarwa. In ya ci, ya sami takardar shaida. In ya faɗi, sai komawa bakin kogi.

Baki kam Allah ya ba shi. In yana bayanin yadda kogin Haɗeja ke cika ya malale fadama, yara har mantawa suke da lokacin tashi. Amma da zarar ya ɗauki alli ya juya ga allo, sai gumi ya keto masa, kalmomin da ke kansa su watse. Shi kansa abin na ɗaure masa kai. Ya san karatun nan sarai, to me ke kama shi?

Ni dai na san tushen abin. Inuwa bahago aka haife shi. Tun yana ƙarami ƙanen mahaifinsa, Baffa Bakari, ya rantse ba a gidansu za a yi wannan abin kunya ba. Ya riƙa ɗaure masa hannun hagu ta baya da igiya, ya damƙa masa alƙalami a dama. Baƙi ya karkace, tsumagiya ta sauka. Da ya girma, in yana zaune shi kaɗai yakan lallaɓa ya rubuta a takarda. Amma a tsaye, da idanu a bayansa? Ina!

Sai ya shiga dabara. Kullum shifta yake yi wa yara da baki, wai ƙurar alli tana sa shi tari.

Abokin karatunsa Ɗahiru ya gano shi. Ya ce, "Inuwa, wai wa kake ruɗi? Ranar gwaji fa ba tari za ka nuna wa Bature ba. Ka gwada da hagun mana."

"Hagu? A gaban yara?" in ji Inuwa. "Haba Ɗahiru! So kake a yi da ni har garin Malam Madori?"

"To ka gaya wa hedimasta."

"In ce masa me? Ni ma wallahi ban san abin da ke damuna ba."

Ranar gwaji Baturen makaranta ya zauna a bayan aji. Darasi ya yi armashi, har yana gyaɗa kai. Can ya ce, "Madalla, Malam. Yanzu rubuta musu a allo."

Inuwa ya ɗaga dama, alli ya karye. Ya sunkuya, hannun hagu ya riga shi ɗauka. Sai ya ji kamar tsumagiya za ta sauka, ya yi maza ya ɓoye hannun a baya. Ya tsaya tsuru, bai san da wanne zai rubuta ba. Yara suka fara ƙus-ƙus, suka fashe da dariya. Allo dai ko ɗigo babu.

Baturen ya girgiza kai, ya zaro alƙalami ya rubuta cewa Inuwa ya faɗi. Inuwa ya bi shi da kallo, baki buɗe. Da hannun hagu mutumin yake rubutu, kuma babu wanda ya ce masa kanzil.

Kwalekwale ya tsallaka da shi gida, yana kuka wiwi kamar ƙaramin yaro. A ƙofar gida ya tarar da Baffa Bakari yana gyaran komar kamun kifi. Tsohon ya ji labari, ya riƙe baki, shi ma a ruɗe.

"Rubutu ya kayar da kai? To ta yaya? Ba ni da kaina na gyara maka hannun nan ba?"

Jama'a, mu daina dukan yaro a kan hannun da Allah ya hore masa, domin tsoron da aka dasa da tsumagiya yana bin mutum har girma. Wanda kuma rubutu ke razana shi, ya faɗa a taimake shi tun kafin ranar gwaji.