Ɗankwalin Hajiya na Juma'a

Wata Juma'a, ruwa yana ɗaukewa, na tsamo 'yar kyanwa daga gota, wato magudanar ruwa, a bayan gidanmu na haya a unguwar Dichemso. Ba ta fi tafin hannuna ba, ko ido ba ta buɗe ba.

Maame, matar mai gidan, ta leƙo ta ce, "Mayar da ita. Wannan ba za ta kai magariba ba."

Kakata Hajiya ta dawo daga masallaci ke nan, da farin ɗankwalinta na Makka wanda ko taɓawa ba ta bari mu yi. Na zuba madarar gwangwani a murfi, kyanwar ta kasa lasa. Sai Hajiya ta kwance ɗankwalin, ta murɗe bakinsa siriri, ta tsoma a madarar, ta sa mata a baki. Ta kama tsotsa.

Na ce, "Hajiya, zai ɓaci fa!"

Ta ce, "Sabulu bai ƙare a kanti ba. Riƙe mata kai."

Har yau ina jin ƙamshin nan, miski gauraye da madara da warin gota. Kyanwar ta tsufa a gidanmu. Tabon bai fita daga ɗankwalin ba, Hajiya kuwa ta ci gaba da zuwa masallaci da shi.

Yanzu duk wanda ya tsinci kyanwa a unguwar Buokrom, inda nake zaune, ƙofata yake bugawa. Idan aka ce ba za ta rayu ba, ba na gardama da kowa. Ɗankwalina nake kwancewa.