Farin Ɗigo a Gindin Turke

Ranar da za a rataye rigar wasan Nestor Pawluk a rufin sabon zauren wasan ƙanƙara don karrama shi, shi kaɗai ne a Vesna ya kasa karya kumallo.

Vesna ba wani gari ba ne. Rumbun alkama, coci biyu, sai titin da ya ratsa mu ya nufi birnin Saskatoon ko waiwaye babu. Amma a wasan hoki na kan ƙanƙara kowa a lardin ya san ƙungiyarmu, Kyarketan Vesna. Kofi goma sha ɗaya muka ajiye, kuma da wuya baƙo ya zo gidanmu ya koma yana dariya. Ka tambayi dalili, ko ɗan yaye zai ce maka Nestor ne, golan da faifai, ƙwallon wasan, ba ya wuce shi.

Ba don shi ba da mun sha kashi, domin 'yan gabanmu sun yi suna wajen dukan turken raga. A waje su zura lafiya lau, a gida kuwa sai ka ji ƙarfe ya amsa, ƙwal! Har maƙwabta suka raɗa mana suna maƙera.

Nestor yana da abin da ya binne a cikinsa. Kakar da aka fara ba shi tsaron gida, yana saurayi, tsoro ya sa ya ja raga ɗaya zuwa shagon waldan babansa, ya rage mata faɗin yatsu uku. Ya ɗiga farin fenti a gindin turkenta don ya riƙa gane ta. Wasa zango uku ne, ana musayar gefe, mu kuma al'adarmu tun kakanni mu fara daga gefen kicin, inda mata ke sayar da kofi. Wato sau biyu cikin uku, ragar gefen kicin yake tsaro, baƙi kuma su tsare ɗayar. Kowace shekara da hannunsa yake jawo mai ɗigo ya kafa ta can.

Shafa wa ragogin jan fenti kuwa aikin Doreen ne, budurwarsa a lokacin, matarsa daga baya. Ba ta yarda kowa ya taya ta. Ba ta taɓa tambayarsa ɗigon mene ne ba, kuma kullum yana nan fari tas kamar jiya aka yi shi.

A kakarsa ta uku, wani mai neman 'yan wasa ya taso takanas daga birnin Winnipeg, ya zaunar da shi a shagon kofi.

"Yaro, na zaga ƙasar nan ban ga irinka ba. Haɗa kayanka mu tafi."

"Alkama ba ta nome kanta," in ji Nestor, idonsa a ƙasa.

Doreen na gefe tana juya cokali a kofi. Mu kuwa muka yi ta yabonsa, ɗan halak mai kishin garinsu. Shi ya san ragar birni ƙafa shida ce cif, ya kuma yarda cewa ba tare da yatsu ukun nan ba, shi ba kowa ba ne. Haka ya tsufa a kan tarakta, kowane kofi da aka miƙa masa yana yi masa nauyi kamar kayan sata.

To, a ranar bikin, Merv Tollefson, tsohon mai tsaron bayansa wanda ya koma kafinta, ya jawo tsofaffin ragogin biyu tsakiyar ƙanƙara. Kwamiti na so a yi wa ragar Nestor akwatin gilashi. Gari kaf yana kan benci, makirufo a kunne, Merv ya zaro tef ɗin awo.

"Haba Merv, raga ai raga ce," in ji Nestor. "Ƙafa shida, rubuta kawai."

"Kai tsoho, ka taɓa ganin na yanka katako ban auna ba? Wacce ce taka?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Nestor ya dubi rigarsa da ke jiran a ja igiya, ya dubi jikokinsa, ya nuna mai ɗigo da yatsa. Ya rufe ido yana jiran sunansa ya zube a gaban mutanen da suka yi shekaru suna ɗaga shi sama.

"Ƙafa shida cif," in ji Merv.

Nestor ya buɗe ido. Merv, don tsabar son aiki, ya miƙa tef a ɗayar. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya kwashe da dariya har da dukan gwiwa.

"Jama'a, ku ji abin mamaki! Ta gefen baƙi ce ta gaza da yatsu uku! Ashe shi ya sa muka ƙare a dukan ƙarfe. Rabin rayuwarmu muna yi wa abokan gaba gata, amma mutumin nan ya ci mana kofi goma sha ɗaya!"

Zauren ya kaure da tafi, riga ta tashi sama. Nestor bai ko kalle ta ba. Ya juya ga Doreen, wadda ta rataya hannu a nasa tana murmushi wa masu hoto.

"Ke ce?"

"Shagon babanka yana da taga, Nestor. Tun kakar farko na mayar da ɗigon kan ɗayar. Ba zan auri macuci ba."

"To me ya hana ki gaya mini?"

Ta gyara masa wuyan riga, ta ce a hankali, "Da ka san kai gwani ne na gaskiya, ai da ka bi mutumin Winnipeg."